Baba Laminu, Bakaniken da Ke Fara Aiki da Shanya Zani

Kafin masu shayi na bakin tashar Gashua su gama hura wuta, Baba Laminu ya riga ya iso rumfarsa. Ba wata rumfa ba ce ta a zo a gani. 'Yan fallayen kwano ne a kan sanduna, sai benci guda da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Yakan share gabanta, ya zazzage buhun kayan aikinsa a kan tabarma, ya goge sifana da filaya ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Daga nan sai ya ajiye wayarsa a gefensa ya zauna. Da wuya ka ga mota a gaban rumfar nan, domin motocin da yake gyarawa ba sa iya zuwa wurinsa, shi ne ke zuwa wurinsu. Abu na ƙarshe da yake sawa a bakin buhun, a ninke tsaf, zanin atamfa ne na matarsa, Ya Falmata.

A watan nan ya ce ya ajiye buhun. Baya ya ƙi, gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara yi masa gardama in ƙusa ta yi ƙanƙanta. Ba wanda zai kafa masa rumfar taro, ba kuma wanda zai ba shi allon yabo ya rataya a ɗaki. Ni malamar firamare ce a nan Gashua, sunana Rahima, kuma na zauna a tarukan karramawa har kujera ta gaji da ni, ina tafa wa mutanen da ban san abin da suka yi ba. Wannan karon na san abin da mutum ya yi, shi ya sa na ɗauki alƙalami duk da gajiyar da ke jikina.

Sai na fara gabatar muku da Kofur, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane wahalar mutumin nan ba. Kofur tsohuwar motar soja ce, irin manyan nan masu dogayen tayoyi da ƙaton hanci. An yi gwanjonta tun ina yarinya, wani ɗan ƙauyenmu ya saya, ya yi ta fama da ita har ya rasu ya bar wa ɗansa Muktar gadon famar. Mutanenmu ne suka sa mata Kofur, wai don ta daɗe tana aiki ba a taɓa ƙara mata girma ba. Ƙauyen namu yana arewa da Kumagannam, bayan tuddan rairayi, inda ƙaramar mota ke nutsewa har ƙofa, a-kori-kura ma ta tsaya tana haƙa wa kanta rami. Kofur ce kaɗai ke shiga ta fito da kaya a bayanta. Ita ke kai gero da awaki kasuwa, ita ke komawa da gishiri da sabulu da kwanon rufi. Ita ke kai marar lafiya asibiti, ita kuma ke dawo da shi, ko a zaune ko a kwance.

Tsufa ya kama ta ta ko'ina. Kayan gyaranta babu su a Nguru, babu su a Gashua, in ka tambaya a shago ma dariya za a yi maka. Batir biyu take ci a haɗe, saboda haka in ta mutu ƙaramar mota ba ta iya ba ta wuta, sai dai wata babba ta ja ta da sarƙa har ta tashi. Duk wannan da sauƙi. Babbar cutar Kofur ba a injinta take ba, a kamanninta take. Muktar ya shafa mata shuɗin fenti har ya gaji, ya sa an rubuta addu'a a goshinta, amma rana da rairayi sai su kankare shuɗin, koren asali ya sake leƙowa. A shekarun tashin hankalin nan, lokacin da ba ka sanin wa ke cikin mota mai irin wannan launi, direbobi sun koyi abu ɗaya: in ka hango ta tsaye a bakin hanya, juya tun da sauran fili. An samu sauƙi yanzu, alhamdu lillahi, sai dai ba wanda ya je ya gaya wa ƙafar direba, har yau birki take nema in ta ga Kofur.

Al'adar direbobi kuma ta ƙara dagula lamarin. Kowa ya san in mota ta mutu a kan kwalta, sai a karyo ganye a jera gaba da baya don mai tahowa ya rage gudu. A gaban kowace mota, ganyen nan na cewa ta lalace, a yi hattara. A gaban Kofur kuwa shinge yake komawa. Mai tahowa ya hango motar soja a gefe, ga abu an gitta a kan hanya, me kuke so ya yi? Haka fasinjojinta suke wuni a rana suna ɗaga hannu, motoci suna juyawa daga nesa kamar kaji sun ga shaho.

Bakanikai ma ba sa son zuwa, kuma ban zarge su ba. Suna da iyali, kuma aiki ne da za ka wuni a rana ka dawo gida da godiya. Baba Laminu ne kaɗai ke amsa kiran. A shekarun da aka hana hawan babur, da keke yake zuwa, buhu a ɗaure a baya, in rairayi ya yi yawa ya sauka ya tura. Matan ƙauyenmu masu zuwa kasuwa sun ba ni labarin wata rana a wajen Karasuwa da ya gama gyara, ya rage kawai a samu motar da za ta ja, amma kowa juyawa yake yi. Can sai wata mai jego ta wanke zanin goyonta ta shanya a jikin motar, don ba ta da igiya. Ba a jima ba wata gingimari ta rage gudu ta tsaya. Da aka tambayi direban me ya hana shi juyawa, sai ya ce shi dai bai taɓa ganin masu bindiga sun shanya zanin goyo ba. Kowa ya yi dariya ya manta, ban da Baba Laminu.

Tun daga ranar, in ya iso wurin Kofur ba ya fara buɗe bonet. Sai ya fara kwashe ganyen da aka jera ya watsar, ya ciro zani ya shanya a ɓangaren da ke kallon hanya, ya ce mata su sauko su zauna a fili inda za a gan su, sannan ya waiwayi injin. Ya Falmata ce ke biyan kuɗin wannan dabara da akwatinta. Na taɓa jin ta a gidan suna tana cewa, “Kowace mace mijinta sayo mata zani yake yi, ni nawa kwashe mini yake.” Amma maƙwabtanta sun ce ita da kanta take zaɓo masa mafi hasken launi, wanda za a hango daga nesa, ta ninke ta sa masa a buhu tana mita.

Kai ne, Baba Laminu, ka gane cewa kafin a gyara motar nan sai an fara kwantar da hankalin mai wucewa. Kai ne ka sha tafiya a ƙasa da buhu a kafaɗa saboda motar hayar da ta ɗauko ka ta ƙi ƙarasawa. Masu barkono sun shaide ka, masu awaki sun shaide ka, ni kuma abin da zan faɗa yanzu da idona na gani, a bazarar bara.

Yayata Adda Asta ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda. Ni na yi jinyarta a asibiti a Nguru, mijinta Bappayo yana kwana a baranda. Da ta ga jiki ya ƙi, abu ɗaya ta roƙe shi a gabana: in ta cika, kada a bar ta a garin da ba ta san kowa ba, a kai ta gida a kwantar da ita kusa da Innarmu da 'ya'yanta da suka riga ta. Ya ce ya yi alkawari. Bappayo makiyayi ne, ba ya yawan magana, kuma ban taɓa jin ya ce ya yi alkawari a kan wani abu ba sai ranar. Allah ya karɓi abarsa da asuba. Aka yi mata wanka a gidan wasu danginmu, aka sa ta a likkafani, aka naɗe da tabarma. Muka yi sa'a Muktar yana gari, ya kawo awaki. Ya share bayan Kofur, ya shimfiɗa buhuna, muka ɗora ta. Da hantsi muka kama hanya, ni da Bappayo da Malam Zakir, wani dattijon ƙauyenmu da ya zo dubiya, da 'yan uwa kaɗan.

Bayan Kofur ba rufi. Koren tamfol ɗinta na asali tuni aka jefar da shi saboda tsoron da yake ba mutane, wanda aka saya a madadinsa kuma iska ta yayyaga, sai ƙarafan rumfar kawai a tsaye. Muna tafe dai iska na ɗan taimako. Mun wuce Jajimaji, ba mu kai inda ake sauka daga kwalta a shiga rairayi ba, sai ta fara tari. Ta yi shiru, ta sake tari, ta gangara gefe ta tsaya. Muktar ya yi ta murɗa makulli, mu muna ta salati, har batir ya ƙare ƙarƙaf. Ya sauko ya kira Baba Laminu ya gaya masa da gawa muke. Sannan, don ruɗewa, ya yi abin da hannun kowane direba ya saba: ya karyo tumfafiya ya jera a kan hanya gaba da baya.

Ba zan iya kwatanta muku zafin ranar nan ba, kuma 'yan ƙasar nan ba sa buƙatar kwatance. Ba bishiya kusa sai goruba can nesa, wadda inuwarta ba ta isa akuya ba. Na tsaya a tsakiyar kwalta ina ɗaga hannu, ina kallon motoci suna tsayawa daga inda ba za su ma gane mace ce ko namiji ba, suna juyawa. Na yi ta kallonsu har idona ya daina kawo hawaye. Da na waiwaya sai na ga Bappayo tsaye a bayan motar, ya ba rana baya, ya buɗe hannuwan rigarsa don inuwarsa ta faɗa a kan tabarmar. Rana tana tsakiyar ka, inuwar mutum ba ta wuce ƙafarsa ba, amma ya ƙi zama.

Bayan mun yi azahar da taimama, don ruwan da ya rage na sha ne, Malam Zakir ya ja Bappayo gefe. Akwai wani ɗan ƙauye da ake hango rufinsa daga kudu. Ya ce in la'asar ta yi motar ba ta tashi ba, sai mu ɗauke ta a kafaɗa mu roƙi mutanen can su ba mu wuri.

Bappayo ya ce, “Na yi mata alkawari, Malam.”

Malam Zakir ya ce, “Na sani. Amma tana da wani haƙƙin a kanmu. Kada mu bari rana ta wulaƙanta ta muna kallo.”

Gaskiya ya faɗa, kuma dukanmu mun san gaskiya ce. Bappayo ya koma ya tsaya inda yake.

Can sai muka hango mutum a kan kwalta daga gabas, shi kaɗai, yana tafe yana ɗingishi da buhu a kafaɗa. Motar da ta ɗauko shi daga Gashua ta sauke shi tun da ta hango mu. Kai ne, Baba Laminu. Ka iso leɓɓanka sun bushe, ka yi mana ta'aziyya a taƙaice, ka bi ganyen nan ka shure shi daga kan hanya. Kallo ɗaya ka yi wa Muktar ya sunkuyar da kai. Ka ciro zanin Ya Falmata, ja ne mai ruwan ƙwai, ka taka taya ka hau don ka shanya shi kamar kullum. A nan ka ga Bappayo da hannuwansa a buɗe.

Na ga ka tsaya da zanin a hannu. Da shi ne za a kira mota, ba ka da wani. Sai ka juya ka ɗaure gefunansa a ƙarafan rumfar, ƙasa ƙasa, daidai kan tabarmar, inda ba mai ganinsa daga hanya. Ka ce, “Malam, zauna haka nan. Zanin nan ya karɓe ka.” Sai a lokacin Bappayo ya zauna.

Da Baba Laminu ya sauko sai ya dubi ƙullin da ke gefena, ya tambaye ni me ke ciki. Na ce kayan marigayiya ne da muka kwaso daga asibiti. Sai ya ce, “Malama, ki yi haƙuri da abin da zan roƙa. Ina son zannuwanta.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Matar da ko wuyanta ba a gani a waje, yau ko kabari ba ta shiga ba a ce a baje tufafinta a bakin titi kowa ya kalla? Na rungume ƙullin na ce a nemi wata dabara. Bai yi mini musu ba. Ya ce rigunan maza ba sa aiki, ya gwada, daga nesa kamar tuta suke, zanin mace ne kawai ke sa direba ya yarda gida ne ba daji ba. Bappayo ne ya sauko ya karɓi ƙullin daga hannuna a hankali. Shi ya kwance shi da kansa. Yana ɗaga kowanne yana ɗan tsayawa, don ya san ranar da ya sayo shi, sannan ya miƙa. Aka jera su a jikin Kofur tun daga hanci har baya, kore da shuɗi da mai ruwan goro, da kallabinta a kan madubi. Baba Laminu ya ce in zauna a fili kusa da taya, na zauna ina jin kamar ni aka tuɓe.

Sai a sannan ya buɗe bonet. Ƙarfen ya yi zafin da sai da ya naɗe hannu da tsumma. Ya daɗe a ciki, rabin jikinsa a injin, ƙafafunsa na lilo. Da ya fito ya ce famfon da ke jawo mai daga tanki ne ya mutu, kuma irinsa ko a mafarki ba za a samu a yau ba. Na dubi inuwa, na ga ta fara miƙewa gabas. Shi bai duba ba. Ya sa Muktar ya juye sauran ruwan wata jarka a buta, shi kuma ya zura tiyo a tanki ya zuƙa da baki har gas ya cika masa baki ya tofar, ya cika jarkar. Ya ɗora ta a kan rufin direba, ya saukar da tiyon har cikin injin, don mai ya riƙa gangarowa da kansa ba sai an jawo shi ba. Ya kwance wata ƙusa, kumfa ta yi ta fita har mai zalla ya biyo, ya ɗaure. Ya ce saura mai ja.

Muka zauna jira. Ƙananan motoci sun fara wucewa yanzu, suna rage gudu suna leƙe, amma ba su da amfani a gare mu. Malam Zakir ya ɗauki buta ya fara alwalar la'asar da ɗan ruwan da aka juye, a hankali ƙwarai, yana wanke kowace gaɓa kamar ba ya son ya gama. Na gane jinkiri yake yi mana, kuma har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan. Yana shafar kai sai ga wata babbar mota daga Gashua, ɗauke da buhunan shinkafa. Ta tsaya daga nesa. Duk muka zuba mata ido. Sai ta sake tahowa a hankali har ta iso. Direban ya leƙo yana murmushi, ya ce shi ya ɗauka 'yan biki ne mota ta lalace musu. Da aka gaya masa, murmushin ya ɓace, ya yi inna lillahi, ya juya motarsa da duk kayan da ke kanta ya kawo mana bayanta.

Aka ɗaura sarƙa. Jan farko Kofur ta yi gurnani ta yi shiru. Baba Laminu ya sake kwance ƙusar nan, ya sake ɗaurewa, ya ce wa Muktar kada ya saki kulochi sai ya ji ya buga masa ƙofa. Aka sake ja, ya bi ta da gudun tsofaffi yana riƙe da ƙofar, ya buga. Ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama. Ban taɓa jin ƙara mai muni da daɗi irin wannan ba. Muka yi la'asar a gurguje injin na kunne. Direban shinkafa ya kwance sarƙarsa ya tafi, ko sunansa ba mu tambaya ba.

Na ɗauka aikin Baba Laminu ya ƙare, ashe yanzu ya fara. Jarkar nan sai an riƙe ta a kan rufi, kuma sai ana ƙara mata mai ana tafiya, ba tare da bakin tiyon ya fito ya sha iska ba. In ya sha iska motar za ta mutu, kuma a cikin rairayi babu gingimarin da za ta zo ta ja mu. Waɗanda suka fi shi ƙarfi a cikinmu suka ce su za su hau. Ya ce ba ƙarfi ake nema ba, duk wanda bai san halin tiyon nan ba zai sake shi a tudun farko. Ya cika wata jarkar ya ajiye kusa, ya naɗa rawani, ya sa aka tura shi sama. Na tambaye shi ko in kwashe zannuwan, ya ce a bar su, ba lokaci.

Kai ne ka zauna a kan rufin ƙarfen da ya wuni a rana, ka rungume jarkar gas kamar jariri, ƙafarka ɗaya a maƙale a ƙarfe. Ina bayanka, ina ganin duk abin da hanyar nan ta yi maka. Kowane tudu Kofur ta hau sai ta faɗo da kai, in ji ƙashin bayanka ya bugu, in ga ka cije. Mai ya jiƙa maka riga, rana ta gasa shi a jikinka. Ba ka ce a tsaya ba, don tsayawar ce ba mu da ita. Mutumin da ya haifi kamata, a kan matar da bai taɓa gani ba, wadda ba yarensu ɗaya ba.

Rana ta yi ja muka hango ƙauyenmu. Waya ba ta shiga can sosai, saƙon da muka aika bai isa ba. Matan da ke bakin rijiya suka ɗago suka ga Kofur tafe da zannuwa suna kaɗawa a jikinta. Sun san su ɗaya bayan ɗaya, da su Adda Asta take zuwa rijiyar. Na ga sun ajiye guga sun tsaya cik, sannan wata ta ɗora hannu a ka. Ba wanda ya buɗe baki ya sanar da rasuwar, kafin mu tsaya maza sun riga sun ɗauko magirbi don haƙa kabari.

An sallace ta, an kwantar da ita kusa da Innarmu da 'ya'yanta kafin rana ta faɗi. Baba Laminu bai iya saukowa da kansa ba, sai da aka sauko da shi kamar buhu. Duk da haka an ce mini ya tsaya a sahun baya, yana dogare da sandar kiwon Bappayo, warin gas na tashi daga jikinsa. Tun daga ranar bayansa bai sake miƙewa daidai ba. Ya ƙara lallaɓawa shekara guda don taurin kai, yanzu jikin ya ce ya isa.

Zanin Ya Falmata matan ƙauyenmu sun wanke shi sun mayar mata da ƙwaryar man shanu. Da aka zo rabon kayan marigayiya, Bappayo ya ware zani ɗaya, shuɗi mai fure ruwan ƙwai, ya ce wannan a rabonsa yake. Ya kawo wa Baba Laminu har rumfa. Shi kuma da ya yanke shawarar ajiye aiki, ya kira Muktar ya nuna masa dabarar jarka da ta ƙusar iska har ya iya, ya ba shi zanin ya ce ya ajiye a ƙarƙashin kujera, ya kuma ce in ya sake jin ya jera ganye a gaban Kofur, da sandarsa zai zo.

Na je gaishe shi shekaranjiya. Har yanzu yana zuwa rumfar da safe, ya share, ya zauna, waya a gefe, sai dai babu buhu. Na gaya masa zan rubuta labarinsa. Ya ce in rubuta na Ya Falmata, ita ce ta yi asara. Na tambaye shi wa zai riƙa zuwa yanzu in Kofur ta tsaya. Ya daɗe yana kallon tasha, sannan ya ce, “Gyaran Muktar zai iya. Tsayawar masu wucewa ce ba zai iya yi wa kansa ba.”

Baba Laminu, mai zuwa inda ake juyawa, mun gode. Ni da Bappayo da duk wanda ke bayan tuddan nan mun gode. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan, ya yi maka inuwa ranar da kowa ke nemanta, kamar yadda ka yi wa yayata. Allah ya saka wa Ya Falmata da suturar da ba ta tsufa.

Ku kuma direbobin hanyar Nguru zuwa Gashua, ban ce ku zama bakanikai ba, ban kuma ce tsoronku ba shi da dalili ba, ni ma na rayu a shekarun da kuka rayu. Na gaji da roƙon manya su yi mana hanya, yau ku nake roƙo, kuma ƙaramin abu ne. Kofur za ta sake mutuwa, wannan ba shakka, kuma tsohon da ke tahowa da buhu ba zai ƙara tahowa ba. In kun hango tsohuwar motar soja a gefen kwalta, ku ɗan matso kafin ku juya. In kun ga zani shuɗi mai fure ruwan ƙwai yana kaɗawa a jikinta, na yayata ne. Ku tsaya.